Cikin da Na Ce Ya Kwanta

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, ni mace ce mai shekara hamsin da 'yan kai, ungozoma a unguwar Sarkin Dawaki cikin Jalingo. Kakanninmu daga Kano suka zo da fatauci suka zauna, karɓar haihuwa kuwa a hannun mahaifiyata na gaje ta. Ba zan ɓoye halina ba, ina da baki, kuma a gidanmu idan na yanke magana babu mai mayar mini. Abin da nake taƙama da shi a duniya shi ne tafin hannuna. Idan na ɗora shi a cikin mace na faɗi watanninta, da wuya in kuskure. Har dariya nake yi wa ma'aikatan asibiti, ina cewa su sai sun shafa wa mace mai sun kalli talabijin kafin su san abin da yatsuna suka sani tun daga bakin ƙofa.

Mu shida ne a wurin mahaifinmu, mata biyar da namiji ɗaya, shi ne kuma autanmu. Ni na goya shi, ni na yaye shi a ɗakina, don haka ban taɓa kallonsa a matsayin ƙane ba sai ɗa. Dillancin shanu yake yi, yana zaune a unguwar Yelwa da matarsa, wata Bafulatana 'yar unguwar Turaki, doguwa, mai kunya, wadda ko sunana ba ta taɓa kamawa ba sai dai ta ce Adda, wato yaya a harshensu. Shekara goma sha ɗaya suna tare, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Na ba ta jiƙe-jiƙe iri-iri, na kuma ba ta baƙar magana fiye da jiƙe-jiƙen, ita dai sai ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya kawo. A farkon wata damina motar shanu ta kife da ƙanena a hanyar dawowa daga kasuwa, aka kawo mana shi a naɗe. Ranar da aka fita da shi abin da ya fi cin raina shi ne gidan mahaifinmu ya rufe ke nan, babu ko ɗan da za a nuna a ce nasa ne.

Matarsa ta shiga takaba a ɗakinsa kamar yadda muka gada, ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba fita ko zaure, wata huɗu da kwana goma. Babbar rigarsa tana nan rataye a ƙusa inda ya bar ta, da hularsa a sama, da sandar dillancinsa jingine a lungu. Kullum da hantsi nakan hau keke napep in kai mata abinci. Sai ta yi loma biyu ta ture kwanon ta ce ta ƙoshi, ni kuma in ce baƙin ciki ne, zai wuce. Saura mako biyu ta fita takaba, na kishingiɗa a gida bayan azahar barci ya ɗauke ni, sai na ga ƙanena tsaye a bakin zaurenmu, jikinsa sharkaf da ruwan sama, yana riƙe da wani abu a naɗe cikin zane yana miƙo mini. Ko murmushi bai yi ba. Na farka ina jin nauyin abin a hannuna. Washegari da na je, matarsa ta ce mini cikin jin kunya cikinta yana yi mata nauyi kwana biyu, kuma takan yi amai.

Na sa ta kwanta a tabarma na kwance mata zane. Hannuna ya fara zuwa mara, ƙasan cibiya, inda ciki yake tasowa, na ji wurin lafau, babu komai. Na yi sama a hankali, sai a saman cibiya, wajen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, na ci karo da wani abu mai tauri kamar lemo. Ina riƙe da shi sai na ji wani abu ya motsa a ƙarƙashin tafina, ya taso daga hagu ya wuce dama a hankali, har ina ganin fatar tana ɗagawa. Na ɗaga kai, idona ya faɗa kan rigar nan da ke rataye. A nan ne laifina yake, Edita, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Na san ɗa ba ya zama a wurin. Shekara talatin ina taɓa cikin mata, ban taɓa samun ɗa a ƙarƙashin haƙarƙari mara tana fayau ba. Hannuna ya faɗa mini gaskiya, amma da na buɗe baki sai na ce ciki ne, cikin marigayi ne, firgitar mutuwarsa ce ta sa ya kwanta ya kuma maƙale a sama. Mun taso muna jin labarin kwantaccen ciki, wanda ake cewa yakan yi barci a jikin mace shekara ɗaya ko biyu kafin ya tashi, kuma babu tsohuwar da za ta musa maka shi. Yarinyar nan ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ai ta ga al'adarta sau biyu bayan rasuwar. Na daka mata tsawa na ce kwantaccen ciki haka yake yi, ita me ta sani a kan ciki da za ta koya mini. Ta sunkuyar da kai.

Kowa ya san mai ciki ba ta fita takaba sai ta haihu. Na je da kaina wurin malamin unguwa na tambaye shi, ya ce haka ne, idan akwai ciki sai an haife shi. Amma ya ƙara da cewa a kai ta asibiti a tabbatar, domin takaba ba ta hana marar lafiya zuwa ganin likita. Rabin maganar na ɗauko na kawo gida, ɗaya rabin na bar shi a zauren malam. Ranar da ya kamata ta fita, danginta suka zo daga Turaki da sababbin zannuwa da lalle a kwaɓe cikin ƙwarya, na tare su a tsakar gida na ce su koma da kayansu, 'yarsu tana ɗauke da amanarmu. Goggonta, wata tsohuwa mai Hausar da ba ta gama nuna ba, ta ce ita dai idonta bai ga mai ciki ba, mai ciwo ta gani. Na ce mata idan nonon shanu ake magana zan saurare ta, amma cikin mutum sai ta bar wa masu shi. Fulani da kunya, ga shi ana maganar ɗan mamaci, suka ɗauki ƙwaryarsu suka tafi.

Daga nan gidan ya koma wani iri. Ƙannena mata suka riƙa zuwa gaida cikin, suna durƙusawa suna yi masa magana, har suka sa masa suna Magaji. Wadda a da ba mai tambayar kwananta, sai ga shi ana matsa mata ƙafa ana yi mata fifita. Na sayi kayan jariri da bahon wanka da tawul, na zuba a akwati na tura ƙarƙashin gado. Mun lura cewa motsin yana zuwa ne bayan ta ci abinci, don haka sai mu matsa mata ta sha kunu, mu ɗaga zanenta mu zauna jugum muna jira. Can sai abin ya taso daga hagu ya ratsa zuwa dama, mu mata biyar mu yi ta hawaye muna cewa ga shi nan yana gaishe mu. Ita kuwa a lokacin gumi ne yake karyo mata, tana damƙe da gefen tabarma, haƙoranta a cije. Ba ta taɓa cewa wayyo ba, mu kuma ba mu taɓa kallon fuskarta ba, cikin muke kallo.

Watanni suna tafiya, saman cikin yana tasowa, sauran jikin yana bushewa. Wuyanta ya zama kamar na kaza, leɓɓanta suka yi fari, tafin hannunta ya koma kamar an wanke shi da toka. Ni kuma ina ta ɗura mata kanwa da jiƙon saiwoyi wai don cikin ya tashi ya sauko. Wata rana na shiga banɗaki bayan ta fito, na ga abin da ta yi baƙi ƙirin kamar kwalta, yana wani irin wari da ban taɓa ji a wurin mai rai ba, irin na mahauta idan rana ta yi. Na watsa ruwa na ce magani ne yake aiki. Warin nan ya kama ɗakin, turare kuma an hana. Akwai wata kyanwa da marigayin yake ciyarwa, wadda a da a ƙafar gadonsu take kwana, sai ta daina shiga, ta riƙa zama a bakin ƙofa tana kallon ciki. Sau ɗaya tak yarinyar ta roƙe ni wani abu, ta ce in sauke mata rigar nan daga ƙusa, domin idan ciwon ya taso idonta ya yi duhu sai ta ga kamar mutum ne tsaye yana jiranta. Na ce a bar ta, gara yaron ya san ubansa yana kusa. Ni kaina tun daga ranar ba na son juya wa rigar baya, amma ban sauke ta ba.

Allah ya turo mana mai ceto, ni na kore ta. Wata nas ce, 'yar ƙabilar Mumuye, da ta kama haya a gidan da ke jikin na marigayin. Ta shigo ɗiban ruwa a rijiya ta tarar da yarinyar tana alwala, ta tsaya ta ja mata fatar ido ƙasa ta duba, ta nemi ta taɓa cikin. Da ta fito sai ta ja ni gefe ta ce, Mama, wannan ba ciki ba ne, jininta ya kusa ƙarewa, a kai ta asibiti yau ba gobe ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ta faɗi abin da na riga na sani. Na tambaye ta haihuwa nawa ta karɓa a rayuwarta, na ce ina yanke cibiya tun ba ta yi haƙori ba, na kuma ce kada ta sake tako mana gida, rijiyar ma mun hana. Ta ɗauki bokitinta ta fita tana waiwayen ɗakin.

Wata tara ya cika ya wuce, na goma ya wuce, wata daminar ta sake shigowa. Wani hantsi ana yayyafi na kawo mata kunun gyaɗa, ta kurɓa sau uku, sai amai ya taso. Da fari baƙi ne kamar dusar gawayi, daga baya sai jini ja, ya cika kwano ya zuba a tabarma, ta kife a kai. Ihun da na yi ne ya kawo nas ɗin da na kora, ta shigo a guje babu ko takalmi, ta ciccibi yarinyar kamar ta ɗauki ƙullin kaya. Da muka kai bakin zaure, ga keke napep yana jira, sai ta farfaɗo ta kare idonta da hannu, domin shekara ɗaya da wata biyu ke nan ba ta ga titi ba. Ta riƙe ƙyauren ƙofar da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta juyo ta ce mini, Adda, ya halatta in fita? Har yau idan na rufe ido ina jin wannan tambayar.

A asibiti aka ƙara mata jini leda bayan leda, sannan aka shafa mata man nan aka ɗora na'ura. Na tsaya ina kallon talabijin ɗin da nake yi wa dariya. Likita ya ce mahaifa babu komai, kuma babu alamar an taɓa samun komai. Suka tura mu wani babban asibiti a wani gari, inda aka zura mata wata igiya mai ido ta maƙogwaro aka ciro ɗan tsoka aka auna. Likitan can ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa. Ya ce ciwon daji ne, amma irin wanda ba a cika gani ba, wani ƙari ne da yake tsirowa a jikin bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji, ya yi ta girma shiru ba tare da ya nuna kansa ba. Baƙin bayan gidan nan jini ne da ƙarin yake zubarwa a ciki. Motsin da muke yi wa kuka kuwa, tumbinta ne yake murɗawa yana faman tura abinci ta hanyar da ƙarin ya matse. Ya ce da an kawo ta yana ƙarami, da sun yanke shi sun ɗora ta a kan magani, kuma akwai waɗanda suke rayuwa bayan haka, amma yanzu ya riga ya watsu a hanta. Sannan ya tambaya wa ya fara jin ƙullutun, kuma yaushe. Ƙannena suka zuba mini ido suna jiran in amsa. Sai muryarta ta fito daga kan gado ta ce babu wanda ya ji, ita ce ta ɓoye.

Aka ba ta ƙwayoyin da za su rage masa gudu, danginta suka wuce da ita gidansu a Turaki, ba wanda ya ko kalle ni. Malam ya ce takabarta ta ƙare tun wata goma da suka wuce, duk zaman da ta yi a ɗakin nan bayan haka ba Allah ne ya ɗora mata ba. Bai ce ni ce ba, ba ya kuma bukatar ya faɗa. Na yi wata uku ban iya zuwa ba, sai ita ta aiko a kira ni. Na same ta a inuwar mangwaro a tsakar gidansu, an jingina ta da matashi, ta ce ba ta son kwana a ɗaki da rana kuma. Ga ƙwaryar lalle a gefenta, ta ce so take ni in sa mata da hannuna. Ina ƙunsa mata ina kuka, na tambaye ta me ya sa ta yi shiru, me ya sa ta rufa mini asiri gaban likita. Ta ce tun ranar farko ta san ba ɗa ba ne, mace ta san jikinta. Amma a ranar ce, cikin shekara goma sha ɗaya, na fara kallonta fuskata a sake, na kira ta uwar ɗanmu. Ta ce ta ga yadda muke murna idan abin ya motsa, sai ta ji idan ta ce babu kowa a ciki kamar ta sa mun sake binne shi ne, ita kuma ba za ta iya ba. Ta ce ta yafe mini duniya da lahira, in kuma kai akwatin kayan jaririn ga wadda take da cikin gaske.

Bayan mako uku ta rasu, ranar Juma'a da hantsi. Goggonta, wadda na yi wa gorin nonon shanu, ita ta aiko ta ce marigayiya ta bar wasiyya ni zan yi mata wanka. Lallen yana nan ja wur a fararen hannayenta. Da na zo wanke cikin, tafina ya sauka a wurin nan ƙarƙashin haƙarƙari, sai na tsaya. Wallahi jira nake ya motsa. Na daɗe a haka har matar da ke zuba mini ruwa ta taɓa kafaɗata. Tun daga ranar ban sake karɓar haihuwa ba, duk wadda ta aiko sai in ce ta tafi asibiti. Wani lokaci ina zaune da rana tsaka, hannuna a kan tabarma ko a kan cinyata, sai in ji abin ya taso daga hagu ya wuce dama a ƙarƙashin tafina. Na san babu komai a wurin, amma sai na tashi na wanke hannun.

Na daɗe ina gaya wa kaina jahilci ne ya ja mini, amma ba gaskiya ba ne. Na sani, son zuciya ne ya rufe mini ido, ina son ƙanena ya dawo ko ta wace hanya, na kuma samu marainiyar Allah mai kunya na ɗora mata. Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwana ungozomomi da manyan mata masu faɗa a ji a cikin gida, abin da hannunku bai gane ba ku ce ba ku gane ba, abin da kuma ya gane kada ku juya shi don ya yi muku daɗi. Wanda yake ƙoshi da loma biyu, yana ramewa, yana fari, bayan gidansa ya koma baƙi, ko aka ji ƙullutu a saman cikinsa, kada a ce ulsa ce a ba shi kanwa, kada a ce sammu ne, kada a ce ciki ne ya kwanta, a kai shi a duba tun abin yana ƙarami. Ku riƙa kallon fuskar masu kunya, domin ba za su faɗa muku suna mutuwa ba. Masu takaba kuma, addini bai kulle musu ƙofar asibiti ba, mu ne muke kullewa. Idan ta tambaye ku ko ya halatta ta fita neman magani, ku ce mata e tun ranar farko. Ni sai da na ga jininta a tabarma sannan na faɗa, kuma a lokacin amsar ba ta da sauran amfani.